Ciyawar Teku da Sista Nora Ta Hana Ni Gode Wa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Sista Nora, kuma har yau ban gama yanke hukunci a kan maganinta ba.

Tsohuwar nas ce 'yar ƙasar Ailan. Maigidana ne direban da ke kai ta asibiti a nan Riyad. Lokacin 'yata Hafsa tana goye, tari ya kama mata ƙirji. Likita ya duba ya ce babu abin tsoro, amma ni uwa ce, kunnena na jin abin da nasa bai ji ba. Sai ga Sista har ɗakinmu da wata busasshiyar ciyawa mai ƙarnin kifi. Wai a duwatsun bakin tekunsu ake tsinkarta, kakarta ke dafa musu da madara.

Na juya ta, na shinshina, na tambaya ko akwai giya a ciki. Ta yi dariya, ta dafa a gabana, ta fara kurɓa. Hankalina ya ɗan kwanta. Ina durƙusawa zan yi godiya sai ta kama hannuna, da guntun Larabcinta ta ce, "La, Maman Hafsa, mafi shukran, wato babu godiya. A wurinmu in an gode wa magani, karyewa yake yi."

A Zinder inda na tashi, boka ne ke ba da magani da sharaɗi. Na ce wa maigida, "Baban Hafsa, anya matar nan?" Ya ce, "Ke dai, ta sha a gabanki, me kuma kike nema?" Da bisimilla na ba yarinya, ina kallon numfashinta. Tarin ya lafa. Ciyawar ce, ko lokacinsa ne ya yi, Allah masani.

Yanzu ina ganin garin ciyawar a waya cikin kwalabe masu sheƙi, wai yana maganin komai. Da Sista na raye da ta taɓe baki. Ita tari kawai ta ce, kuma ta ce in numfashi ya yi nauyi a ruga asibiti.

Malamin da na tambaya ya ce godiya ba ta karya magani. Na yarda da shi. Amma Hafsa tana makaranta yanzu, ƙirjinta lafiya lau, ni kuwa duk sanda na tuna baiwar Allahn nan, na buɗe baki zan ce na gode ko da ba ta duniya, sai in leƙa yarinyar, in yi shiru.