Raƙumi a Gidan Surukai

A Garatu na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya. Bayan magariba sai ta tura doya cikin garwashin murhu, mu kewaye ta. Ba ta soma tatsuniya sai doya ta fara ƙamshi, don ta san lokacin ba mai gudu. Ni take fara tsokana: "Maigida, share hancinka tukuna. Ga ta nan tafe, kuma ta masu majina ce."

Wai Raƙumi ne ya tafi gaida surukansa, mura ta kama shi a hanya. To wa ya taɓa fyace majina a gaban surukai? Sai ya ɗaga kai sama don kada ta zubo. Suka ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, rufin ɗakinku nake yabawa." Aka kawo ruwa a ƙwarya guda, ya ji nauyin ya ƙi, ya tsoma baki, kowa ya sha bayansa. Kafin kasuwa ta zagayo duk gidan sun kwanta, surukin nasa kuwa bai tashi ba. Iya ta ce shi ya sa har yau raƙumi bai sauke kansa ba. Mu dai dariya muke, muna kwaikwayon wuyansa.

Yanzu aikin lafiyar dabbobi nake yi a Minna. Bara aka tura mu duba raƙuman da ake zagaya gari da su ana sayar da nononsu. Mukan goga auduga a cikin hancinsu, mu aika a gwada. Sakamako ya nuna wasu na ɗauke da wata korona ta raƙuma, wadda kan iya kama mutum. Na san mai su. A wurinsa Baba, mahaifin matata, yake sayen ɗanyen nono saboda ciwon suga, ga shi a kwanakin yana tari.

Na je gidan Baba a unguwar Fadikpe na durƙusa na gaishe shi. Shi kuwa ya tsiyaya nonon a kofi, ya kurɓa, ya miƙo mini a gaban baƙinsa.

"Sha, ɗana, magani ne."

"Baba, ba zan sha ba. Ku ma don Allah ku ajiye, mu je asibiti a duba tarin nan."

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Ya dai bi ni asibiti, aka gwada, ashe mura ce kawai.

Da ina ganin Raƙumi wawa ne. Iya ba ta taɓa gaya mana abin da zai same shi da ya ƙi ƙwaryar ba, sai da na gani da kaina. Baba yana nan da ransa, yana amsa gaisuwata da fara'a. Amma duk sanda na je, sai ya ce wa yara, "Ku kawo wa likita ruwan leda. Kada ku fasa masa, ya fasa da kansa."