Sunaye Uku a Bakin Baba Idi

Ranar Asabar ce, cikin azumi. Ƙarfe bakwai na cika jarka da ruwa, na ɗaure a bayan babur.

Shekara biyu ina bin diddigin Japanawan da suka yi fataucin yadi a nan garinmu Khartum zamanin mulkin Ingila. Takardu kaɗan na samu, su ma gara ta ci rabi. Sauran labarin yana kan Baba Idi, tsohon unguwarmu, wanda mahaifinsa ya yi musu wanki. Uku daga cikinsu an binne su a gefen maƙabartar Turawa, ba allo, ba rubutu. Duk shekara Baba yakan zuba wa kaburburan ruwa, yadda ya ga matar babban Japanawan tana yi tun yana yaro. Sunayensu kuwa, ya ce ba a faɗa sai a kan kabari. Na yi lallashi, na kai goro, tsohon nan ya ƙi. Sau uku yana sa mini ranar zuwa, sau uku ina ɗagawa, wai gobe ma rana ce. A ƙarshe muka tsayar da wannan Asabar ɗin.

Ƙarfe tara saura ina ƙofar gidansa, yana neman takalmi. Ƙara ta farko ta taso daga wajen filin jirgi. Ta biyu ta girgiza langa-langa. Sai bindigogi, ba tsayawa. Motar masu kaki ta tare bakin layi.

"Kowa ciki! Ciki!"

Na juya babur gida. Na bar Baba tsaye da takalmi ɗaya a hannu.

Kwana tara muna ƙarƙashin gado, ni da matata da 'ya'yanmu. Rana ta uku famfo ya ƙafe. Da ruwan jarkar nan muka yi ta buɗe baki.

Rana ta goma aka samu bas zuwa Bur Sudan. Na ruga gidan Baba. Gida shida ne tsakaninmu. Katangar ɗakinsa tana ƙasa. Maƙwabcinsa ya ce tun rana ta huɗu suka binne shi a tsakar gida, ba halin zuwa maƙabarta. Direba yana ta danna hon. Ko fatiha ban ƙarasa ba.

Kwana biyu a hanya, huɗu a bakin teku, sannan jirgin ruwa ya sauke mu Jidda.

Yanzu ina auna yadi a shagon surukina a Bab Makka. Littafin bincikena yana ƙarƙashin kanta. A shafin ƙarshe akwai layi uku da na ja safiyar nan, na bar su don sunaye. Duk sanda na buɗe sai zuciyata ta karye. Na rubuta sunan Baba a ƙasansu, shi kaɗai na sani.

Kaburbura huɗu ke nan, ba mai zuba musu ruwa.