Surukina da Jirgin da Ya Sani Ta Ƙasa

Asabar: daga Stains zuwa Gare de Lyon

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, ni da surukina Alhaji Mamman, wanda nake ce wa Baba. Matata Rabi ta rako mu bakin asansar, na'urar hawa da sauka bene, ta saƙala mini leda mai kilishi da maganin ɗigawa a ido, ta ce kada in bar mahaifinta ya tsallaka titi shi kaɗai.

Dalilin tafiyar shi ne idon Baba. Lokotoro ya ce abin da ya rage na ganinsa kaɗan ne, shi kuma ya ƙudura komawa Damagaram gaba ɗaya bayan Sallah. Sai ƙanensa Malam Habu, mazaunin Vaulx-en-Velin, ya buga waya ya ce a kudancin Lyon akwai wasu tsofaffi da suke adana jiragen saman yaƙi na da cikin wata rumfa, har da irin na sojan ruwa, kuma ran Asabar suna barin baƙo ya shiga wurin zaman matuƙi. Baba ya ce yana so ya ga wannan kafin duhu ya rufe.

Tun ranar da na je neman aure wani abokina ya ja ni gefe ya ce in kama kaina, uban yarinyar jirgin yaƙi ya tuƙa wa Faransa. A falonsu kuma ga hotonsa nan, yana saurayi, tsaye jikin jirgi. Wa ke tambayar suruki? Shekara goma sha shida ina tuƙa bas a arewacin Paris, ban taɓa yin zancen tuƙi a gabansa ba, don kada in yi wa mai kaza tallan ƙwai.

Jirgin ƙasa na RER ya ɗauke mu daga tashar Pierrefitte da ke kusa da gida, minti ashirin da biyar muna Gare de Lyon.

Cikin TGV

Ƙarfe bakwai saura minti biyu muka tashi. Kilomita ɗari huɗu da sittin, awa biyu. Da jirgin ya ɗauki gudu, Baba ya damƙe hannun kujera, ya roƙi wata madam su yi musayar wuri, wai in ya ba gaba baya jiri yake ji. Na ce a raina, ka ga gwani, jikinsa ya saba da fuskantar inda za shi. Da mai duba tike ya zo, na so in gaya masa wanda yake ɗauke da shi a jirginsa, kunya ta hana ni. Kofin kafe na sayo mana, Baba ya kurɓa ya ce an yi wa ruwan zafi ƙazafi.

Vaulx-en-Velin

Muka sauka tashar Part-Dieu a Lyon ƙarfe tara, muka canja metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sau ɗaya zuwa ƙarshen layin A, inda Malam Habu yake jiranmu da tsohuwar motarsa. Matarsa Hajiya Salamatu ta tare mu da dambun zogale. Gaisuwar ƴan'uwan biyu ta ci rabin awa, ba su bar ko akuyar gidan gado ba su tambaya ba. Bayan azahar muka kama hanya, kilomita ashirin, Malam Habu yana tuƙi yana faɗa da na'urar nuna hanya.

A nan ya kamata in faɗi laifina. Kwana uku kafin tafiyar na buga wa masu rumfar waya don su ajiye mana wuri, bakina kuma ya ƙara da cewa baƙon tsohon matuƙin irin jirgin ne. Ban gaya wa Baba ba. Na so in yi masa bazata.

Rumfar jirage

Bazatar ta yi kyau fiye da yadda na so. Tsofaffi shida muka tarar a jere bakin ƙofa, ɗaya ya sa hular soja. Shugabansu, Mushe Bernard, wanda ya tuƙa jirgin da gaske, ya ƙame ya sara wa Baba. Baba ya waiga baya don ya ga wanda ake sara wa.

Jirgin yana can ƙurya, ruwan toka, dogon hanci, bakin fikafikansa a naɗe sama don ya sami wuri cikin jirgin ruwan da ke ɗaukar jiragen sama. Mushe Bernard ya tambayi Baba a wace runduna ya yi aiki. Baba ya ce a bar shi ya zauna tukuna. Tsani mai taka bakwai ne, muka tura shi ta ƙasa, suka ja ta sama, ni na tsaya a kan tsanin ina leƙe.

Wurin bai kai faɗin kujerar bas ɗina ba. Yana warin tsohon mai da roba. Gaba duk agogo ne baƙaƙe masu fararen allurai: na tsayi daga ƙasa, na gudu, na mai, na zafin inji, da wata ƙwallo mai nuna ko mutum ya karkace. Tsakanin gwiwoyi sandar tuƙi, kanta cike da maɓallai. Hagu hannun ba inji wuta. Sama da agogon wani ɗan gilashi na auna abin da za a harba. Ga tiyon iskar shaƙa a nannaɗe gefe kamar maciji ya ƙoshi.

Mushe Bernard ya ce, cikin raha, to abokin aiki, ga jirgin ruwa can muna shirin sauka, a saki ƙugiyar da ke kama igiya. Hannun Baba ya tafi wani gefe daban. Aka ce a fito da tayoyi. Ya lalubo abin kunna fitila. Tsofaffin da ke ƙasa suka fara duban juna, ni kuma gumi ya jiƙa mini riga. Ɗaya ya ce ai shekaru ne da ido, kowa yana mantuwa. Ƙofa ce aka buɗe masa, da ya so da ya bi ta nan ya fita.

Baba ya ɗora hannuwansa a cinya.

«Mushe, ban manta ba. Yau ne farkon zamana a nan da kaina a sama.»

Ya ba su labari da faransancinsa na mutanen da. Shekara tara ya yi lebura a wani garejin sojan ruwa can kudu. In makanikai sun gama gyara aka ƙirga kaya, aka ga noti ɗaya ya ɓace, jirgi ba ya fita sai an gano shi. Shi ne mafi ƙanƙantar jiki, shi ake zurawa cikin wurin matuƙi, kai a ƙasa wajen takalman birki, ƙafafu a sama, tocila a baki, maganaɗisu a hannu. Duk maɓallan nan ya san su, amma a kife, kuma abin da aka koya masa a kansu ɗaya ne: kada ya taɓa.

Mushe Bernard ya cire hularsa. Ya ce yana da aboki da ƙaramin ƙarfe ya maƙale wa a gindin sandar tuƙi a kan teku, bai dawo ba.

Baba ya sunkuya iya yadda bayansa ya yarda, ya zura hannu ƙarƙashin allon agogon, yana cewa bayan takalmin hagu akwai wani ɗan lungu, duk abin da ya faɗi can yake ƙarewa. Ya fito da marfin biro, da takardar alewa, da wani ɗan wosha, zoben ƙarfe mai tsatsa. Tsofaffin suka ce shekara goma sha biyu suna share jirgin nan duk wata. Suka yi ta tafi.

Daga nan Mushe Bernard ya kama hannun Baba ya bi da shi abu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi kafin a cilla jirgi daga kan jirgin ruwa. Da suka iso wani hannu mai ratsin rawaya da baƙi, na kujerar da ke harba matuƙi waje, Baba ya janye yatsunsa.

«Wannan kam na san shi ta kowace fuska. Makanikai sun ce in na ja shi, rufin gareji zan fara gaidawa, sannan mala'iku.»

Aka tabbatar masa an cire albarushin tun da daɗewa. Ya ce ya ji, amma a bar shi. Shigarsa mutum uku ta ci, fitarsa huɗu.

Lahadi: komawa

Muka kwana gidan Malam Habu, muka kama jirgin ƙarfe goma sha ɗaya. Sai da muka wuce gonakin inabi Baba ya tambaye ni wa ya ce wa mutanen nan shi matuƙi ne. Na dubi takalmina na ce ni ne. Sai ya ce shi bai taɓa faɗa wa kowa haka ba, amma ya ji ana faɗa, bai kuma hana ba, wannan ma nauyi ne. Ba zai koma Damagaram da shi ba, yau zai gaya wa ƴarsa da bakinsa. Sauran tafiyar yana shirya kalmomi, ni ina tausayin Rabi.

Ƙarfe biyu da rabi muka shiga gida. Bai ko cire hula ba ya zaunar da ita, ya faɗa mata komai. Rabi ta saurara har ƙarshe, da ludayi a hannunta.

«Baba, ai mun sani tun muna yara. Da maganaɗisun nan marigayiya Inna take tsince allurarta in ta faɗi.»

Sai ta juyo gare ni. «Kai fa, me ka ɗauka?»

Na ce tuwon zai huce.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malam Habu da Hajiya Salamatu saboda masauki, da Mushe Bernard da abokansa, waɗanda suka sara wa Baba sau biyu, na biyun bayan sun san ko shi wane ne.