Dutsen Fir'auna da Baba Ya Bar Mana

Shekara goma ke nan da rasuwar surukina a nan Gaithersburg, kusa da Washington. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, Baba nake ce masa. Maigidana ya kawo shi daga Zariya don a duba ƙafarsa, sai zama ya miƙe. Kowa ya fita aiki, ni da shi ne a gida, saboda haka babu wanda ya sha labarinsa kamar ni.

Labarin ɗaya ne. Yana saurayi ya kama hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare a bakin kogin Nilu, ya shiga leburanci inda ake yayyanka wani ɗakin bautar Fir'auna a hau da shi tudu, don kada ruwan dam ya cinye shi. Ya ce gumakan ƙofar, kunnen ɗaya ya isa mutum ya jingina. Ya ce sau biyu a shekara rana kan leƙa har ƙuryar ɗakin ta haska gumaka uku, ta bar na huɗu a duhu, wai shi duhun ne rabonsa. Shedarsa wani jan dutse ne kamar sabulun wanka, a naɗe cikin tsohuwar hula.

To ni ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ba ya mantuwa. In baƙi suka zo daga garin Landover da ke kusa da mu, Baba ne riƙe da zarto. In jikoki ne, shayi yake dafa wa leburori. Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi kuwa, cewa ya yi daga cikin jirgin ruwa ya hango wurin. Ban taɓa tanka masa ba. Suruki ne.

Yanzu 'yata Hauwa, wadda yake tsokana da "amaryata mai Turanci", ta shiga jami'a, kuma tarihin Masar take karantawa, saboda shi. Ta nuna mini wurin a waya. Maganar hasken ranar nan gaskiya ce, har gunki na huɗun. Amma wanda ya yi hira da matafiya ma ai zai iya jin wannan. Da Baba na nan, da zai so wayar nan da ke bin diddigin kowace magana? Ina shakka.

Watan jiya ta ce ta samu wata masaniya a gidan tarihi a Washington da za ta duba dutsen.

"Mama, dubawa kawai za ta yi."

Na ce, "In ta ce dutsen bakin hanya ne, kakanki ya zama maƙaryaci. In ta ce na Fir'auna ne fa? Ya zama me? Ɓarawo?"

Ta ce ita gaskiya take so. Na ce ni ma, amma wanda za a yi wa shari'ar ba ya nan balle ya kare kansa. Na hana. Har yau gaisuwarta a taƙaice take.

Abin da na tabbata da shi kaɗan ne: dattijo ne da ya goya yarinyar nan da gurguwar ƙafa, ya sa mata son abin da take karantawa. Sauran kuwa zargi ne, kuma na saba zama da shi, ɗaki ɗaya muke kwana. Tabbacin da masaniyar za ta kawo ne ban san inda zan ajiye shi ba a gidan nan.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da ya ƙara da abin da ya rage.