Ƙwayar da Hamadu Ke Rabawa Biyu

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Bogo, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa mai tari kamar mashayin taba. Abin da ya tashe ni waya ce daga matar aminina Hamadu, mahauci a Garwa. Ta ce ya rame, zazzaɓi ya ƙi sakinsa, alhali kullum yana shan maganinsa. Hamadu ya daɗe da cutar ƙanjamau, amma tun da ya fara magani ko ciwon kai ba ya yi. Hankalina ya tashi ƙwarai.

A Marwa muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Ƙosan yanzu ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan rami na miƙa mu ga rami, jandarma na miƙa mu ga jandarma. Wajen Figil na ga duwatsun da muke wucewa muna samari, a saman motar auduga, ni da Hamadu da wasu abokai. Yawancinsu wannan cutar ce ta ɗauke su tun magani bai iso ƙasar ba. Na yi kewarsu.

Tun daga Pitowa zafin Garwa ya tarbe mu, shi kaɗai ne bai tsufa ba. Na so in leƙa bakin Binuwai inda muke cin gasasshen kifi muna kallon dorina, amma zuciyata ta ƙi.

Mun tarar da Hamadu a gindin dalbejiyar gidansa, riga ta yi masa yawa. Ya gaishe ni da Fulatanci.

"Jam na, Dokta? Ka zo duba gawa?"

"Na zo cin kilishi, Sarkin Fawa. Ba ka isa ka mutu ban ci ba."

Dokta yake ce mini don tsokana, saboda kafin in yi ritaya na yi aiki a wani ɗakin bincike a Yawunde, ina taimaka wa masu gwajin magunguna.

Bayan la'asar ya fito da ƙwayar maganinsa, ya ɗora a kan katako, ya sa wuƙa ya raba ta biyu daidai, irin rabon wanda ya tsufa a fawa. Ya haɗiye rabi, ya naɗe rabi a takarda. Na tambaye shi na wane ne. Ya ce na abokin teburinsa ne a kasuwa. Shi ma an gwada shi yana da cutar, amma yana tsoron a gan shi a layin opital, wato asibiti, mutane su daina sayen namansa.

"Kwano ɗaya muke ci tun muna yara. Sai magani ne zan hana shi?"

Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni. Na ba shi labarin abin da na gani da idona a labo, ɗakin binciken nan. Ana renon cutar a 'yan ƙananan faranti, a zuba mata magani ɗaya, ta kwanta kwana biyu ta sake tashi, ta riga ta saba da shi. Sai da aka haɗa mata uku, kowanne da cikakken ƙarfinsa, sannan ta daina hayayyafa. Ukun nan ne aka dunƙule a ƙwayarsa.

"Kai da ke kayar da bijimi," na ce masa, "ka taɓa tsaga igiya biyu don ta ishi shanu biyu?"

Sai ya ce, "Ke nan shi ma ban taimake shi ba?"

Na ce a'a. Nan ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba.

Washegari muka kai Hamadu asibiti aka ɗebi jininsa, don a ga ko maganin zai ci gaba da yi masa aiki. Abokin ya ƙi asibitin cikin gari, sai muka ɗauke shi a motarmu zuwa wani a kan hanyarmu ta komawa, inda ba mai sayen nama a wurinsa. Hamadu ne ya riƙe hannunsa har ƙofa.

Mun iso Bogo da magariba, sakamakon jinin Hamadu bai fito ba tukuna. Tafiyar nan ta koya mini abin da ban so in koya ba. An tashe mu a kan cewa duk abin da ka samu ka raba da ɗan'uwa, kuma wannan halin ne ya kusa raba ni da abokin ƙuruciyar da ya rage mini.