Malam Harisu, Wanda Ya Mayar wa Baba Audi da Gangarsa

Kullum in an tashi daga makaranta a Ƙanƙara, Malam Harisu ba ya bin sauran malamai zuwa teburin mai shayi. Ɗakin kwamfuta yake komawa, ya tsaya gaban kyamara yana ɗaga hannu yana saukewa kamar mai korar ƙuda. Masu leƙe ta taga suka ce karatu ya taɓa shi. Ashe manhaja yake koya wa gane motsin hannu, ta mayar da shi kiɗa nan take.

Shekarun da mai ya yi daraja ke nan, duk wanda ya iya kunna kwamfuta ya nufi Abuja farautar kwangila. Shi ya zauna. Yanzu da ya ajiye alli, ga ɗaya daga cikin ayyukansa.

Baba Audi na Yankara makaɗin gangar noma ne. Ciwo ya kama shi, yatsunsa suka daina riƙe gula, wato sandar kiɗa. Hannu yana ɗaguwa, riƙon ne babu. Abin da ke cinsa a rai, ya yi wa amininsa Sarkin Noman Mabai alkawarin kaɗa masa takensa a gayyarsa ta ƙarshe, kafin ya sakar wa 'ya'ya gona.

Harisu ya ɗaure kwamfuta da lasifika a bayan babur, ya je ya naɗi muryar gangar tsohon. Gwajin farko abin dariya ya zama. Baba Audi na cikin babbar riga, da ya wurga hannun rigar kan kafaɗa sai ganga ta tashi. Wani ya gaishe shi, ya ɗaga hannu ya amsa, ganga ta sake tashi.

"Baba, ko za a tuɓe rigar?" in ji Harisu.

"In tuɓe riga gaban mutane? Tuɓewar da ciwo ya yi mani ta isa. Ka hwaɗa ma abin ga naka shi koyi ladabi."

Da wani ne, da ya naɗe kayansa. Harisu kuwa ya yi ta zarya duk rani yana nuna wa manhajar bambancin gyaran riga da gaisuwa da dukan ganga, yana kuma rage mata jinkiri, don tsohon ya ce gangar da ke zuwa bayan hannu ba ta tada manomi.

Ranar gayya aka kafa kayan a gindin ɗorawa, da batirin mota. Baba Audi ya ɗaga hannu babu gula, ya sauke, sai taken amininsa ya tashi. Sarkin Noma yana duƙe a kan garma. Ya miƙe, ya tako har gindin bishiyar, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Audi, kai ne?"

"Wa za shi san takenka in ba ni ba? Koma bisa kunyarka, yara sun wuce ka."

Ya koma, kuma ba su sake wuce shi ba.

Malam Harisu, kai ne ka ƙi lanƙwasa dattijo don na'ura, ka lanƙwasa na'ura don dattijo. Muna alfahari da kai, mai haƙuri, ɗan halak. Matasan da suka iya wannan ilimi, ku duba tsofaffin unguwarku, akwai mai jiran irin wannan hannu.

A ranar nan kana tsugune bayan lasifika, kana kare kyamara daga rana da hularka, babu wanda ya waiwaye ka. Yau mun waiwayo. Allah ya saka maka da alheri.