Injiniyan da Na Yi Wa Dariya Gaban Magina

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, maiɗakinka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar na zauna, kunya ta riga hawaye zuwa.

Injiniya, shekara shida ke nan da ka fara zuwa makarantar da nake shugabanta, muna shirin gina babban aji. Aikinka auna sauti ne. Ka duba zanen: rufi mai tsawo, daɓen tayil, tagogi suna kallon titi. Ka yi lissafi a bayan takardar, ka ce, "Malam, ɗakin nan zai riƙa amsa-kuwwa. Daga benci na shida zuwa baya, cikin kalma goma da ƙyar a gane biyar."

Na yi dariya gaban magina. Na ce, "Ɗakin da ko bulo ɗaya ba a aza ba, har ka ji muryarsa? Injiniya ne kai ko ɗan duba?" Ka naɗe takardarka, ka yi mana sallama.

Muka gina yadda na so. Zango biyu 'yan bayan aji suna faɗuwa jarrabawa, ina kiran su daƙiƙai. Malamar ajin, wadda muryarta ta dushe saboda ɗagawa, na rubuta mata takardar gargaɗi. Da kuka ta bar ofishina.

Ita ta nemo ka, ba ni ba. Ka kunna fankoki, ka buɗe tagogi, ka sa ta karanta kalmomi hamsin yara suna rubutawa. Ni ma ka miƙo mini biro, ka zaunar da ni a bencin ƙarshe. Ashirin da huɗu na samu. Ka ninke takardata ka sa a aljihu, ba ka nuna wa kowa ba. Cewa kawai ka yi, "Malam, a sa silin mai shanye ƙara, a rataya labule masu kauri." Sati uku kana zuwa duba aikin, har yaran suka fara ɗaga hannu.

Malamar kam, na ba ta haƙuri. Kai kuwa kullum sai in ce gobe. Duk haɗuwarmu kai ke fara gaishe ni, ni kuma in kama zancen zafin rana. Ban taɓa cewa ka yafe mini ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ku kuma maiɗakinsa da 'ya'yansa, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Abin da na kasa roƙon sa, ku nake roƙo yau.